Bangon Sabon Gida da Maganin Zafi: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Shirin Gini

Duk wanda ya mallaki fili ya fara tara bulo, tambayoyinsa kusan iri ɗaya ne da na wanda ya riga shi. An tattara a nan waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu gina gidan zama a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, inda zafin bazara da ruwan Agusta suke gwada kowane bango. Ba a sa farashi ba, don kuɗin buhun siminti na yau ba shi ne na watan gobe ba.

1. Da me ake gina bango a wajenmu, kuma wanne ya fi?

Abu biyar ne a gabanka: bulon siminti da yashi, ginin ƙasa na tubali, bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, jan bulo gasasshe, da dutse. A birane bulon siminti ya mamaye ko'ina, har wasu na ganin duk abin da ba shi ba ginin talauci ne. Wannan ra'ayi ne kawai, aikin gini bai san da shi ba.

Kafin ka ce ga wanda ya fi, amsa wa kanka abu uku. Ruwa na kwanciya a filin da damina? Wace irin ƙasa ce a wurin? Akwai magini kusa da ya iya aiki da abin da kake so? Fili a fadama ko bakin rafi ya fitar da tubali daga lissafi tun daga farko. Fili a kan tudu mai jar ƙasa kuwa ya ba ka kayan gini kyauta a ƙarƙashin ƙafarka.

2. Me ya sa ɗakin kakanmu na ƙasa ya fi sabon gidana na bulo sanyi?

Ka dafa bangon yamma na gidan bulo bayan sallar isha'i a watan Afrilu, daga ciki. Za ka ji shi kamar gefen tanda. Rana ta dake shi daga azahar zuwa magariba, bulon kuma rami ne a ciki, namansa bai fi kaurin yatsu biyu ba ta kowane gefe, saboda haka cikin 'yan awanni zafin ya ratsa, ya iso ɗaki daidai lokacin da ake shimfiɗa. Shi ya sa ake kwashe tabarmi a koma tsakar gida.

Bangon ƙasa na da, kaurinsa yakan kai santimita 40 zuwa 60 daga ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. Zafi na ɗaukar awa goma ko fiye kafin ya ratsa irin wannan kauri, ya iso a gajiye, wajen asuba, lokacin da gari ya huce. Sannan soron kaka rufin azara ne da ƙasa, tagoginsa ƙanana, ga katanga da ɗakunan maƙwabta suna yi masa inuwa. Naka kwano ne a sama, wanda da tsakar rana yakan kai digiri 70. Rabin laifin da ake ɗora wa bulo na kwano ne, kamar yadda tambaya ta 11 ta yi bayani.

3. Mene ne makarin zafi, kuma da me ya bambanta da bango mai kauri?

Makarin zafi, wanda 'yan gini ke kira insuleshan, abu ne marar nauyi mai cike da iska a tsare, kamar audugar gilashi ko farin soson nan da ake samu a kwalin sabon firji. Aikinsa hana zafi wucewa. Bango mai kauri kuwa shanye zafin yake yi, ya riƙe, ya sake shi daga baya. Na farko kamar kular abinci ne, na biyu kamar randa mai kauri da ke jinkirin ɗumama.

Wajen tare zafi kaɗai, audugar gilashi mai kaurin santimita 5 tana yin kusan aikin bangon ƙasa mai kaurin mita guda. Amma ba ta iya ajiye sanyin dare ta ba ka shi da rana. Ƙasarmu kuwa tazarar zafin rana da na dare babba ce a yawancin shekara: a Kano da hunturu rana na kai wa digiri 30, dare ya sauko wajen 13. A irin wannan yanayi abin da ya fi aiki shi ne a haɗa su, nauyi a bango, makarin zafi a rufi.

Sai dai bango mai nauyi na da sharaɗi: a buɗe tagogi da dare iska ta kwashe zafin da ya tara, a rufe su da hantsi. A tsakiyar bazara, a garuruwa irin su Sakkwato da Yamai inda rana ke wuce digiri 40 dare kuma bai cika hucewa ba, ko soron ƙasa yakan yi ɗumi. Da ma mutanen da a waje suke kwana a wannan lokaci.

4. Bulo mai inci 9 ko mai inci 6?

Bangon waje da duk wanda zai ɗauki nauyi, inci 9. Rabe-raben ciki kamar banɗaki da sito, inci 6 ya isa. Dukansu tsawon santimita 45 ne da tsayin 22.5, faɗi ne ya bambanta: 22.5 da 15. Ana gina gidan ƙasa-ƙasa gaba ɗaya da inci 6 ya kuma tsaya, amma ya fi saurin shigar da zafi da hayaniyar titi, kuma ranar da ka yi sha'awar ɗora bene sai an koma an sassaƙa bango ana dasa fila.

Lissafi mai sauƙi: bulo 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, tun daga harsashi har inda za a ɗora katakon rufi, yakan ci bulo wajen 500. In ɗakuna na jingine da juna adadin zai ragu, tunda bango ɗaya na yi wa biyu aiki.

5. Ta yaya zan gane bulo mai kyau a gidan bulo?

Kada ka ɗauki na saman jeri da aka ajiye don baƙi, zaro daga tsakiya. Karce shi da makullin mota: mai kyau zai yi farin layi kawai, marar kyau zai zubo da yashi. Murje kusurwarsa da babban yatsa. Ɗaga shi daidai ƙugu ka sake shi a kan busasshiyar ƙasa. Ya kamata ya tsira, ko ya ɓalle a gefe kaɗan. Ƙwanƙwasa shi da guntun rodi, mai ƙwari ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. Sannan ka zagaya bayan wurin ka duba ko ana ban ruwa, ko kuwa jiya aka buga yau ake lodi.

Ni na taɓa sayen bulo a wani gidan bulo saboda rangwamen da aka yi mini. Wajen saukewa daga mota kawai aka tara tsibin ɓaraguzai, birkila ya ɗauki ɗaya ya raba shi biyu da hannu kamar ƙuli-ƙuli, ya dube ni bai ce komai ba. Rangwamen ya tafi a ƙarin simintin filasta da aka yi ta lafta wa bangon don ya rufa asiri.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Najeriya, SON, tana da ƙa'ida mai lamba NIS 87, wadda ta ce bulon da zai ɗauki nauyi ya iya jure kimanin kilo 35 a kan kowane murabba'in santimita, wanda ba zai ɗauka ba kuma kimanin 25. In bene za ka gina, kai samfuri ɗakin gwaji na sashen injiniyan gini a jami'a ko kwalejin fasaha mafi kusa a matse shi a gani. Kuɗin gwajin bai kai na tifar yashi ba.

6. In saya ne ko in buga nawa a fili?

In kana da ruwa a wurin da wanda zai tsaya a kai, buga naka. Duk sirrin bulo yana cikin adadin da aka fitar daga buhu ɗaya mai kilo 50. Masu tsoron Allah sukan tsaya a kan 25 zuwa 30 na inci 9. Masu neman riba su ja shi zuwa 40 har 50. Sunan kamfanin da ke jikin buhun, Dangote ne ko BUA ko Ashaka ko na Malbaza a Nijar, ba zai ceci bulon da aka yi wa rowar siminti ba. A yi amfani da yashin rafi mai kaifi, marar laka. Jiƙa shi ka dunƙula a hannu: in ya manne ya ɓata maka tafi, laka ta yi yawa.

Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya yi ƙarfi. A yi ban ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a rufe da leda ko tsofaffin buhuna, kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa. Da hunturu, lokacin da iska ke tsotse ruwa nan take, a ƙara yawan ban ruwan. Amfanin bulon inji a kan na hannu shi ne girgizar da injin ke yi tana matse shi sosai. In ka samu gidan bulo amintacce mai inji, babu laifi ka saya.

7. Ginin ƙasa na tubali yana da sauran amfani a wannan zamani?

Yana da shi, in an ba shi haƙƙinsa. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina wajen shekarun 1830, har yau bakan gizonsa na nan. Hasumiyar masallacin Agadas mai tsayin mita 27 ƙasa ce, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Masallacin Yaama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ba ƙarfi ƙasa ta rasa ba.

Abin da ta rasa shi ne masu kula da ita. Magina na zamanin da suna zaɓen birji mai kyau, a caɓa shi da ciyawa a bar shi ya kwana biyu yana ruɓewa, a mulmula tubali a shanya. Bayan an gama a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a yi wa rufi laso na katsin marina da gashin jima da dafara, a kafa indararo ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Kafin kowace damina kuma a yi yaɓe. Yau azarar giginya ta yi wuya, marina sun ragu, yaran gida kuma babu mai son hawa soro da kwaryar laka.

Maƙiyinta na gaske ruwa ne daga ƙasa. Ambaliyar Yamai ta 2020, ta Jigawa ta 2022, da ta Maiduguri a Satumbar 2024 bayan fashewar madatsar Alau, duk sun nuna yadda gidan ƙasa ke narkewa daga gindi in ruwa ya kwana a jikinsa. In za ka yi, to harsashi na dutse ko kankare, a ɗaga shi da bulo aƙalla layi biyu sama da ƙasa, sannan tubali ya hau. Rufi kuma ya leƙo ya yi wa bango laima. Duba tambaya ta 15 kan danshi.

8. Zan iya yi wa bangon ƙasa filastar siminti don in huta da yaɓe?

Ana yi, amma ka ga yadda yake ƙarewa a lunguna: filasta ta kumbura, ta yi ƙarar ganga in an ƙwanƙwasa, wata rana ta faɗo falle guda ta bar rami. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare, ruwa ya shiga ta tsaga, siminti ya hana shi fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye. In dole ne, a kafa ƙusoshi a ɗaure wayar kaji kafin a shafa, a yi haɗi mai sauƙin siminti, a riƙa toshe tsaga da zarar ta bayyana. Haɗin da aka sa farar ƙasa ya fi dacewa da ginin ƙasa, don yana barin bango ya yi numfashi.

9. Bulon jar ƙasa na inji fa, wanda ake cewa Hydraform?

Hydraform sunan wani kamfanin Afirka ta Kudu ne mai ƙera injin, sunan ya bi bulon. Jar ƙasa ake tankaɗewa, a haɗa da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a ɗan yayyafa ruwa, inji ya matse. Ba a gasawa. Wani iri yana da haƙora da ke shiga juna, ana jera shi ba kwaɓi sai a layukan ƙasa da na sama. Cibiyar binciken gini da hanyoyi ta Najeriya, NBRRI, ita ma tana ƙera irin wannan inji. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mai son sanyin ƙasa ba tare da wahalar yaɓe ba: bulon cikakke ne ba rami, yana da nauyi, in an jera shi da kyau ko filasta ba ya buƙata.

Wanda ke son ganin misali, akwai masallacin Dandaji a jihar Tawa da aka kammala a 2018, zanen Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili, inda tsohon masallacin ya koma ɗakin karatu. Akwai kuma gidajen Niamey 2000 a Yamai, da makarantar Gando ta Burkina Faso da Francis Kéré ya gina a 2001.

Inda ake faɗuwa shi ne ƙasa da ma'aikata. Ba kowace jar ƙasa ce ke yi ba. Zuba ta a kwalba da ruwa, girgiza, ajiye ta kwana: yashi zai kwanta a ƙasa, laka a sama. Ana son yashi ya fi rabi, laka kuma kaɗan, gwargwadon abin da zai riƙe. Baƙar laka mai tsagewa da rani, irin firgin gefen Tafkin Chadi, ba ta yi sam. Bulon na buƙatar a lulluɓe shi da leda yana shan ruwa kamar na siminti, kuma layin farko in ya karkace, har sama a karkace zai tafi. Araharsa tana tabbata ne in ƙasar na filinka ko kusa. In tifa za ta yi doguwar tafiya da ita, ribar ta tafi a man mota.

10. Jan bulo gasasshe da dutse?

Jan bulo na da ƙarko, ruwa ba ya narkar da shi, ba ya son fenti. A Khartoum da Injamena shi ne kayan gini na yau da kullum. Matsalarsa a wajenmu samuwa, da kuma gashin da ba ya zuwa ɗaya: wanda ya gasu yana ƙara kamar tangaran, wanda bai gasu ba ƙasa ce mai jan launi kawai. Gashin gargajiya kuma itace yake ci ba kaɗan ba. A jiƙa shi kafin a jera, in ba haka ba zai shanye ruwan kwaɓi.

Dutse sai inda yake, kamar Jos da kewayenta. Ya fi komai dacewa da harsashi. A bango yana shan zafi sosai in rana na dukansa kai tsaye, sai an yi masa inuwa.

11. Kuɗina ba su da yawa. In kashe su a bango ko a rufi?

A rufi. A gidan da ba bene ba, rufi ne ke kallon rana daga hantsi zuwa la'asar, ta nan mafi yawan zafi ke shigowa. Mutum zai zuba kuɗi a tayil ɗin bangon waje da adon ƙofar gida, ya bar kwano baƙi da silin mai kaurin kwali, sannan ya yi mamakin yadda fanka ke hura iskar zafi.

Abu huɗu ke gyara rufi. Launi: kwano fari ko mai hasken alminiyom yana mayar da rana, baƙi da ruwan ƙasa da shuɗi mai duhu suna shanye ta, komai kyansu a ido. Tazara: a bar sarari tsakanin kwano da silin. Mafita: a buɗe ƙananan kafofi a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can sama, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye, don iskar da ta yi zafi ta fice. Rufin nan da ake ɓoyewa a bayan bango, ba leƙowa ba kafa, tukunya ce aka rufe. Na huɗu shi ne makarin zafi a kan silin. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da gwamnatin Najeriya ta fitar a 2017 ta nemi a sa wa rufi makarin da ƙarfinsa ya yi daidai da audugar gilashi mai kaurin santimita 5.

Mai dekin kankare kada ya ɗauka ya tsira. Dekin da rana ta wuni tana duka, da dare yake sakin zafinsa a kan mai barci. A shafe shi da farin fenti, ko a ɗora masa rufin kwano mai tsayi iska na ratsawa tsakani, irin dabarar Kéré a Gando.

12. Wane irin makarin zafi zan saya?

Mafi araha da sauƙin samu ita ce takardar alminiyom mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano. Tana aiki ne kawai in fuskarta mai ƙyalli na kallon sarari na aƙalla santimita 2 ko 3; in aka manna ta tsakanin abu biyu, an yi asarar kuɗi. A sa ƙyallin ya kalli ƙasa, don ƙurar hunturu in ta kwanta a kansa ta kashe shi.

Audugar gilashi da audugar dutse suna zuwa a naɗe kamar katifa, a shimfiɗa su a kan silin ba tare da barin giɓi ba. Ba sa cin wuta, suna kuma rage ƙarar ruwan sama a kan kwano. Mai shimfiɗawa ya sa safar hannu da takunkumi, don ƙaiƙayinsu ya fi na ƙaiƙayin gero. In rufi na yoyo suka jiƙe, aikinsu ya lalace, su kuma yi wa silin nauyi.

Farin soso da kumfar da ake fesawa suna tare zafi ƙwarai, amma suna cin wuta da hayaƙi mai guba. Gobarar benen Grenfell a Landan a Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72, ta bi ta kayan da aka lulluɓe bangon waje da su ne. In za a sa soso, a rufe shi da filasta ko POP, wayar lantarki ta bi cikin bututu, kada kuma ya kusanci kicin. Ɓeraye da gara ma suna son yin hanya a cikinsa.

13. Silin ɗin POP ko na roba bai isa ba?

Bai isa ba. Silin yana tare turirin kwano ne kawai, shi kansa siriri ne, in sararin samansa ya yi zafi zai ɗauka ya miƙo ƙasa. POP ya fi na roba, tunda ba ya cin wuta. Na roba kuwa narkewa yake yi ya ɗigo. Tsohon silin na asbestos, wanda har yanzu ake samu a tsofaffin gidaje da kasuwar kayan rusau, a guje shi: ƙurarsa in an yanka ko an fasa tana jawo kansar huhu bayan shekaru. Tsayin ɗaki ma na taimakawa, mita 3 zuwa silin ya fi wanda hannu ke taɓawa.

14. Fuskar da gida ya kalla tana da tasiri?

Ƙwarai, kuma kyauta ce in an yi tunaninta a kan takarda. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, gajeru su kalli gabas da yamma. Rana a wajenmu sama take bi, ɗan leƙowar rufi na santimita 60 zuwa 90 ya isa ya yi wa bangon kudu da na arewa inuwa. Bangon arewa ma na buƙata, don a daidai Kano daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɓangaren arewa take bi. Ta gabas da ta yamma kuwa a kwance suke shigowa, babu bakin rufin da ke tare su.

Saboda haka a tura sito, banɗaki, gareji ko matakala zuwa yamma, ɗakunan kwana su nisance ta. In fili ya tilasta, a yi baranda, a shuka darbejiya ko mangwaro tazarar mita 5 daga harsashi saboda saiwa, a yi fenti mai haske. Gabas kuma daga nan hadari ke tasowa, bangonta ne ruwa ya fi duka. Shi ke son filasta mafi kyau. Manyan tagogin gilashi marasa inuwa, ko da masu duhu ne, ƙofar zafi ce. Ƙa'idar 2017 da aka ambata a tambaya ta 11 ta taƙaita tagogi a kashi 20 cikin 100 na bango, sai in an yi musu inuwa. Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu don iska ta shiga ta fita.

15. Me ke sa gindin bango ya jiƙe, fenti ya ɓare, wani farin gari kamar kanwa ya fito?

Ruwan ƙasa ne ke hawa ta cikin bulo kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya bushe a fuska ya bar gishirinsa. Manna tayil a wurin ba magani ba ne, danshin zai haura ya ɓullo a saman tayil ɗin. Maganin tun a harsashi yake: a ɗaga daɓen gida sama da titi, a cike ramukan bulon harsashi da kankare, a shimfiɗa leda mai kauri ta rufe har saman bulon kafin a zuba kankaren daɓe, sannan bango ya tashi. Wannan matakin da ake kira difisi shi mutane suka fi tsallakewa don tsimi, kuma shi ne wanda ba ya gyaruwa da sauƙi daga baya. A tuna titin unguwa ƙara tudu yake yi duk lokacin da aka yi ciko. Gidan da ke daidai da titi yau, nan da shekara goma rami ne. A zuba maganin gara kafin ledar, a kuma yi daɓe mai gangara a kewayen gida.

16. Ai na'urar sanyaya ɗaki zan sa. Duk wannan ya shafe ni?

Kai ya fi shafa. Duk zafin da ya shigo ta rufi da bango, na'urar ce za ta fitar da shi da kuɗinka, ko na mita ko na man janareta. Mai sola kuma kowane ƙarin zafi ƙarin faranti ne da batir. Ɗakin da aka tare masa zafi, ƙaramar na'ura ta ishe shi, kuma in an ɗauke wuta sanyin ya daɗe bai gudu ba. Ɗakin na'ura ne ma kaɗai inda sa makarin zafi a jikin bango ke biyan kuɗinsa da wuri, musamman in bangon na yamma ne. A toshe ƙasan ƙofa da gefen taga.

17. Na ga a Turai ana yin bango biyu da makarin zafi a tsakiya. In kwaikwaya?

Su sanyi suke yaƙa. A Ingila ana gina jan bulo a waje, wani bulon a ciki, a bar rata a cika da auduga ko soso, don ɗumin da aka hura a ɗaki kada ya fita, ruwan sama kuma kada ya ratso. A nan, yi wa gida duka bango biyu ninka kuɗin bulo ne a kan abin da baranda da bishiya za su yi. Amma bangon yamma ɗaya tak, in ɗakin kwana ne kuma babu halin inuwa, ana iya yi masa: inci 6 a waje, rata ta santimita 5, inci 9 a ciki, a ɗaure su da guntayen ƙarfe. In makarin zafi za a sa, gara ya kasance ta wajen bango mai nauyin, don nauyin ya zauna cikin sanyi. Mai gini a Jos ko tsaunin Mambila lissafinsa daban ne: shi yana son rana ta shigo da safe, makarin kan silin kuma ɗumi zai riƙe masa da dare.

18. Na riga na kai linta da bulon siminti. Me ya rage da zan iya gyarawa?

Mafi yawa. Rufi bai hau ba, don haka duk abin da ke tambaya ta 11 da ta 12 na hannunka: ka zauna da kafinta tun kafin ya yanka katako, ka gaya masa kana son rufin ya leƙo, a bar kafofin iska, a shimfiɗa takardar ƙyalli kafin kwano, don bayan an buga kwano sa ta wahala ce. Ƙara layi ɗaya ko biyu a kan linta ɗaki ya yi tsayi. Tagar yamma da ta yi girma, a rage ta da bulo yanzu kafin a yi mata firam. Ramukan bulon bangon yamma, in ba a rufe samansu ba, ana iya ɗura musu busasshen yashi don ƙara nauyi, amma injiniya ya fara tabbatar da harsashin zai ɗauka. Bishiyar kuma a shuka ta a wannan daminar, a kewaye ta da ragowar fasassun bulo saboda awaki.